Gardamar Baba da Kawu Mai Aski

Tun ina ƙarama abu biyu ne ba sa ƙarewa a layinmu: ƙarar keken ɗinkin Baba, da gardamarsa da Kawu Mai Aski. Ba kawunmu ba ne na jini, maƙwabcin shago ne. Bangon katako ne ya raba su, ko tari ɗaya ya yi sai ɗayan ya ji. Gardamar kuwa kullum guda ce: tunda aka fara waƙa a duniya, wane mawaƙi ne ya fi kowa.

Shi Baba masoyin Mai Sanda ne, wani dogon mutum da yake waƙa a dogare da sanda, murya kakkaura, ba ya gaggawa. Kawu kuwa na Tsuntsuwa ne, wata siririyar mata mai ɗaga murya har ka ji tsoron za ta tsinke, amma ba ta tsinkewa. Duk sun rasu tun kafin a haife ni. In samari suka kawo sunan mawaƙan zamani, sai su biyun su haɗa kai su fatattake su, sannan su koma faɗansu.

"Mai Sanda in ya yi shiru a tsakiyar waƙa, shirun ma daɗi gare shi," in ji Baba, allura a baki.

"Numfashi ne ya ƙare masa, tela!" Kawu zai amsa ta bayan katako, aska a wuyan wani bawan Allah da ke addu'ar a gama lafiya.

Ni dai dukansu ina so. Mai Sanda in ya rera, sai ka ji kamar babba ne ya dafa kafaɗarka. Tsuntsuwa kuwa ta sha sa ni kuka ina wanke-wanke. Amma wa ya isa ya faɗi haka a gabansu?

Sai wata rana Baba ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Da muka dawo daga asibiti likita ya ce harshen zai iya dawowa in ya dinga ƙoƙari, in kuma ya saki to shi ke nan. Baba kuwa ya saki. Yana kwance a ɗaki, ido a rufin kwano. Inna ta kafa doka: kada wanda ya ɓata masa rai. Muna sa masa kaset ɗin Mai Sanda, kowa ya shigo sai ya ce ai babu kamarsa. Har ƙanena da bai san waƙa ɗaya tasa ba yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Baba ko kallonmu ba ya yi. Tsoro ya kama ni sosai, don na fara manta yadda muryarsa take.

Ranar da Kawu ya zo duba shi, ya zauna a bakin gado yana murza hularsa.

"Tela," ya ce, "na sallama. Mai Sanda ya fi. Ka yi gaskiya tun farko."

Baba ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan da ƙyar ya juya fuskarsa bango. Hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Ranar ko ruwa bai karɓa ba.

Na raka Kawu ƙofa raina a ɓace. "Kawu, sallama ka zo yi masa? Ai ka nuna masa ka cire rai da shi."

Ya sa hularsa ya tafi.

Washegari da hantsi sai ga shi da jakar askinsa da tsohon rediyonsa. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya kashe kaset ɗin Mai Sanda, ya sa na Tsuntsuwa a rediyonsa, ya ɗaura wa Baba ƙyalle a wuya ya fara shafa masa kumfa. Muryar nan ta cika ɗakin, tana hawa tana hawa.

"Ka ji waƙa!" in ji Kawu. "Jiya tausayi ne ya ɗebe ni. Wannan dogon naka ai gunaguni yake yi, da sandar ce ma ta yi waƙar da ya fi."

Inna ta leƙo a fusace. "Malam, lafiya? Mara lafiya ne fa!"

"Mara lafiya mara kunne. Shekara da shekaru yana saurarar tsoho yana minshari."

Na ga hannun Baba mai lafiyar ya damƙe zanin gado. Leɓensa na rawa, kumfa na motsi. Kawu ya ɗaga askar sama, ya tsaya cak, amma bakinsa bai tsaya ba.

"Ko baiti ɗaya mai kyau ba shi da shi."

"Ƙar... ya," in ji Baba.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa.

"Me ka ce? Ban ji ba, Tsuntsuwa na waƙa."

"Ƙarya... ne!"

"To kawo hujja, tela. Ina nan, ba inda za ni."

Hujjar ba ta fito ranar ba, amma ya yi ta fafutuka da ita har aka gama askin, ya kuma sha ruwa don ya ci gaba.

A ƙofar gida na tarar da Kawu yana goge ido da ƙyallen aski.

"Allah ya jiƙan Mai Sanda, ya yafe mini," ya ce. "'Yata, abin da na faɗa jiya shi ne gaskiya. Amma kada ki kuskura babanki ya ji."