Gangar Bayan Ƙofa

Jama'ar shafina, barkanku da shan ruwa! A ajiye sambusar nan tukuna, labari na kawo muku daga unguwar Misfala ta Makka.

Akwai wani saurayi Rakan, shi ke sayar da sobiyar kakarsa Hajo da azumi. Ga wanda bai san sobiya ba: sha'ir ake jiƙawa da sukari da kirfa, a bar shi a ganga ya ɗan yi tsami. Ɗan tsami fa na ce! In ya zarce, ya koma abin da ba a ko ambatar sunansa a Makka.

Gangunan Hajo na katako ne, kowacce da halinta. Haɗi ɗaya, hannu ɗaya, amma wannan ta fito da garɗi, waccan salam, ta bayan ƙofa kuwa kullum sauri take kamar ana korar ta. Harshen Hajo kaɗai ke bambance su. Likita ya hana ta azumi saboda ciwon suga, shi ya sa da la'asar take lallaɓowa ɗakin ganguna ta kurɓa, ta ce wannan a fitar, wannan a zubar.

Ran nan na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, wuri ya zama tanda. Rakan ya gama ƙulla sauran ganguna a leda, duk an saye. Saura ta bayan ƙofa, wadda aka ware wa masu buɗa-baki a masallacin unguwa. Yana ɗaga murfi ya ga kumfa na tsalle.

Ya ruga falo da kofi. "Amaryata, taso ki ceci mijinki."

"Miji ko wahala? Ɗauke min kofin nan, yau azumi nake."

"Azumi? Hajo, likita fa..."

"Likitan ne zai shiga kabarina? Maryama maƙwabciyata ta girme ni, ko ɗaya ba ta sha ba. Halas, zance ya ƙare, na ɗauka."

"To ɗan taɓa da harshe ki tofar."

"Taɓa da naka. Shekara da shekaru kana jan ganga, harshen naka na surutu ne kawai?"

Ya koma ɗakin zafi, gumi har cikin ido. Ya shinshina: tsami. Ya ɗiga a harshe ya tofar: tsami. Amma wane tsamin? Na halak ko ɗayan? Bai sani ba wallahi. Shi da ke iya sayar wa Bature rawani, yau ganga ta rufe masa baki.

Sai ga bugun ƙofa. Malam Taha ne, ladan, da manyan butoci biyu.

"Yalla ya Rakan, an shimfiɗa tabarmi, rana ta yi ja!"

In ya cika butocin, wataƙila ya shayar da sahun masu azumi abin da zai sa su yi sujada ta gefe, da sunan Hajo a kai. In ya hana, ga bayin Allah can sun zuba ido. Ya dubi ƙofa, ya dubi kumfa. Ya runtse ido ya tuntsurar da gangar cikin magudana.

"Malam, yau babu."

"Babu? Tun kakanka na raye ba a taɓa cewa babu a gidan nan ba." Ya juya da butocinsa wayam, ko sallama.

Aka kira magariba. Hajo ta tsotsi dabino, ta dogara sanda har ɗakin, ta lakaci ɗan abin da ya rage a gindin gangar ta kai baki. Ta lashi leɓe. Ta sake lakata.

"Kai, mijin banza," ta ce a hankali. "Rabon gangar nan da yin daɗi haka tun ina da haƙorana."

Rakan ya zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti, ko ruwa bai sha ba.

To ku da kuke ta dariya, in ku ne tsaye tsakanin kumfa da Malam Taha, cika butocin za ku yi ko zubarwa? Ban da ƙarya, azumi ake.