Hoton Yaran

Shagon hoton yana kan babban titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. A gabansa akwai gilashi cike da fuskokin mutanen gari, kowa ya fi yadda aka san shi kyau. Mutane kan ce Mai Hoto yana da hannu. Ba shi da wani hannu. Mutum ne shiru-shiru, in ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen kyamara magana biyu ce sana'arsa: "ɗaga haɓa" da "kar a motsa". Hannun na matarsa ne.

Ita tana can ƙuryar shago a bakin taga, da gilashin ƙara girma da fensir fiƙaƙƙe kamar allura. In an wanke fim sai a kawo mata negatif, ta ɗora shi kan haske, ta bi fuskar mutum ɗigo-ɗigo. Ƙuraje ta share su, tamojin goshi ta cike shi, wuyan da ya saki ta ɗaure shi. Wadda ta gaishe ta da kyau ana rage mata shekara goma. Wadda ta shigo tana hura hanci kuwa ba a yi mata wata mugunta, barin ta ake yi yadda take.

Damuwarta ɗaya a duniya, Yaya, wato yayar mijinta. Da auren Yaya ya mutu ta zo gidan ƙanenta wai ta ɗan huta kwana biyu. Lokacin babban ɗan Mai Hoto yana rarrafe. Yanzu ya fara aske gemu, Yaya ba ta gama hutawa ba. Ita ke da ɗakin da iska ke shiga, ita ke riƙe makullin sito, kuma har gobe matar da ta haifi 'ya'ya biyar "ke yarinyar nan" ce a bakinta. Da hantsi sai ta biyo su shago, ta baje a bencin jira, tana gaya wa masu zuwa hoto cewa kayan da suka sa ba su karɓe su ba. Matar Mai Hoto ba ta son wani abu ya sami Yaya. So take kawai ta ga bayanta, ta ƙofar alheri.

Ana nan sai ɗan kawun su Mai Hoto, direban babbar mota, ya zo da labari. A wani gari mai nisa akwai wani mutum mai duba tikiti a jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, yana neman mace mai hankali. Direba bai faɗi shekarunsa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ya dai ciro hoto daga aljihu. Mutum ne santalele, gashi baƙi wuluk, kumatu sumul, kunnuwa manya.

Yaya ta karɓa, ta miƙa hannu can nesa don ta gani da kyau, ta ce, "Yaro ne ma." Amma ba ta mayar wa direba ba.

Da hoton ya zo hannun Matar Mai Hoto, kallo ɗaya ta yi masa a bakin taga ta gane. Gashin nan ba tsiro ya yi ba, shuka shi aka yi. Aiki mai tsabta, da gani hannun mace ne. Ta ji tana ƙaunar wannan 'yar'uwar sana'a da ba ta taɓa gani ba. Ta miƙa wa Yaya ta ce, "Masha Allah."

Sai batun hoton da za a aika. Yaya ta zauna gaban labulen da aka zana wa jirgin sama, ta ɗora hannu kan tarhon ado wanda bai taɓa haɗuwa da waya ba. Mai Hoto ya ce a ɗaga haɓa, ta ce ya yi mata shiru, tun yana tsumma take ɗaga haɓarta. Matar Mai Hoto ba ta taɓa yi wa kowa aiki irin wanda ta yi wa negatif ɗin nan ba. Sai da fensir ya zama guntu. Da Mai Hoto ya ciro hoton daga ruwan wanki, ya daɗe yana kallonsa a ƙarƙashin jan ƙwan nan na ɗakin duhu.

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Ta ce, "Yayarka ce, Malam."

"Ni ban riski wannan ba."

Yaya kuwa da ta gani cewa ta yi, "To, yau dai kun ɗauke ni yadda nake."

Direba ya tafi da hoto. Ba a daɗe ba ya dawo da saƙo cewa mai duba tikiti yana nan tafe da kansa.

Ranar da zai zo Yaya ta ci ado, ta zauna a bencin jira, ta kori kowa da ido. Da la'asar sai ga wani dattijo ya shigo da 'yar jaka, yana ɗan jan ƙafa. Da ya cire hula ya share gumi, sanƙo ya haska shago. Kunnuwan ne kawai suka iso yadda aka aiko su. Matar Mai Hoto tana leƙe ta gefen labule.

Dattijo ya ciro hoto daga aljihun gaba, ya dubi hoto, ya dubi Yaya, sai ya rusuna.

"Mama, sannu da hutawa. Kamanni ba ya ɓuya. 'Yar taki tana ciki?"

Yaya ta dube shi daga sanƙo zuwa takalmi.

"Baba, sannu da hanya. Shi yaron bai samu zuwa ba ne?"

Ko ramawa ta yi, ko da gaske take, har yau ba a sani ba. Dattijo ya mayar da hula.

"Aiki ya riƙe shi. Kin san jirgin ƙasa."

"Ita ma yarinyar ta ɗan fita."

Mai Hoto ya buɗe baki zai yi magana. Matarsa ta take masa ƙafa, ta aike shi ya kawo shayi.

Iyaye suka zauna, kowa a ƙarshen bencinsa. Aka fara da hanya, aka gangaro kan yaran zamani da rashin cika alkawari. Daga nan dattijo ya shiga yabon ɗansa: ba ya shan taba, yana da gidansa na kansa da famfo a ciki, ba ya ɗaga murya.

"Sai dai gwiwa," in ji shi. "In sanyi ya shigo takan dame shi."

"Yaro da ciwon gwiwa?"

"Gado ne."

"Allah Sarki. Ita ma tawa ba ta son abu mai tauri. Haƙoran ciki."

"Ba komai. Shi ma ba wani tauna yake yi ba. Tana da faɗa?"

"Ba ta da faɗa. Gaskiya ce ba ta iya haɗiyewa."

"Irin wadda yake nema ke nan. Gidan ya yi masa shiru da yawa, har rediyo yake amsa wa magana."

Yaya ta yi dariya. Matar Mai Hoto ta kusa sakin butar shayi, don rabon da ta ji wannan sauti tun ranar da maƙwabciya ta zame a bakin famfo. Suka yi ta hira. Ta ba shi maganin gwiwa na shafawa ya kai wa yaro, ya tambayi yadda ake shafawa dalla-dalla, har yana nunawa a tasa gwiwar.

Da rana ta yi sanyi ya miƙe ya ɗauki jaka. Ya ce zai kwana gidan direba, gobe ya koma ya yi wa yaro bayani. Yaya ta ce ita ma za ta gaya wa yarinya. Kowa ya sunkuyar da kai. Matar Mai Hoto ta san in ya fita a haka ya fita ke nan. Wa zai dawo ya ce shi ne ɗan kansa? Yaya kuwa ko a bakin kabari ba za ta janye ba. Ta hango wasu shekarun na "ke yarinyar nan" suna tahowa a jere.

Ta tare ƙofa da faranti a hannu.

"Haba Baba, iyaye su haɗu a shagon hoto su rabu ba hoto? Ai sai a yi da mu a titin nan. Malam, gyara fitila."

Aka zaunar da su gaban jirgin sama, furen roba a tsakiya. Mai Hoto ya shige ƙyalle, ya ce a matso. Suka matso kaɗan. Ya ce a ƙara. Yaya ta ce, "Kai, ka kiyaye ni," amma ta ƙara. Ya ce kar a motsa. Ba wanda ya motsa, kamar masu jiran hukunci.

Washegari tun da haske ya faɗo taga Matar Mai Hoto ta zauna. Fuskar Yaya ta san hanyarta, hannunta ma shi kaɗai yake bi. Dattijo ne aiki. Fensir haske yake ƙara wa hoto, baƙin gashi kuwa sai an kankare negatif da bakin reza, sili-sili. Ta jingina tsohon hotonsa a gabanta, ta bi sawun 'yar'uwarta ta can garin, har 'yar tsagar da ta yi masa a gefen hagu ba ta bari ba. Kunnuwa ba ta taɓa su ba.

Da dattijo ya zo sallama, Yaya tana bencinta, ta sake wani adon. Matar Mai Hoto ta fito da hoton a cikin kwali, ta ajiye a tsakaninsu, ta koma gefe tana goge kanta da tsumma.

Suka buɗe. Ga santalelen nan mai baƙin gashi, ga yarinyar nan mai sumul ɗin wuya, kafaɗa na gogar kafaɗa, a gaban jirgin sama. Yaron sanye da rigar da dattijo ya zo da ita jiya. Yarinyar da 'yan kunnen Yaya.

Dattijo ya sa tabarau. Yaya ta karɓi tabaran daga fuskarsa ta sa, ta duba, ta mayar masa. Mai Hoto ya shige ɗakin duhu ya rufo ƙofa, alhali ba abin da zai wanke.

Can dattijo ya yi gyaran murya.

"Yaran sun dace."

Yaya ta ce, "Ba laifi. Shi dai kunnuwansa."

"Ana sabawa da su."

"To, in sun ga juna sun yarda, mu mene ne namu?"

"Shi ya yarda," in ji dattijo da sauri.

Yaya ta gyara zama, ta dubi titi. "Ita ma ba ta ce a'a ba."

Kafin wata ya ƙare motar direba ta tsaya a ƙofar gida aka loda akwatuna. Yaya ta zagaya ɗaki-ɗaki tana barin umarni, ta ce a riƙa yi wa ƙanenta abinci da wuri, ta ce labulen shago ya isa wanki. Matar Mai Hoto ta yi kuka daidai gwargwado, ta taimaka aka ɗaga Yaya zuwa gaban mota da hannu bibbiyu.

Direba ne ya kawo sauran labarin. Ya ce hoton yana rataye a falon Yaya da angonta, an yi masa katako mai ruwan zinare. In baƙo ya ɗaga kai ya ce, "'Ya'yanku ne?" sai maigidan ya ce, "E." Yaya ta ƙara da cewa ba sa zuwa gida sosai.