Wasan Ƙarfe Ɗayan Rana

Ranar Talata da ƙarfe ɗaya Dalal ta tsaya a tsakiyar filin ita kaɗai, da ma'aunin zafi a hannu. Inuwarta ta taru a ƙarƙashin ƙafafunta, ba ta kai faɗin faranti ba. Ma'aunin ya nuna talatin da takwas. Iskar da ke tasowa daga teku ba ta zo da sanyi ba, sai danshi mai nauyi da ke manne abaya a jiki. Ta ƙirga ɗari a zuciyarta ba ta motsa ba, gumi ya gangaro mata cikin ido. Ita tsayuwa kawai take yi. Ranar Asabar, a daidai wannan lokaci, ƙaninta Bello zai yi gudun minti goma sha huɗu a nan.

Kuma ita ce ta rubuta jadawalin.

Aikinta ke nan a kamfanin da ke shirya gasar zari-ruga ta mutum bakwai-bakwai a Jidda: ƙungiyoyi goma sha biyu, kwana biyu, fili ɗaya, kowane wasa da sa'arsa. Mutanen gari ba sa fitowa kallo sai sun yi magariba, don haka ta jera wasannin ƙungiyar Jidda a ƙarfe takwas na dare. Sai ƙuri'a ta haɗa Jidda da wata ƙungiya daga tsibiran tekun Fasifik, inda ake kallon zari-ruga gida-gida. Takwas a Jidda biyar na asuba ce a can. Ɗayan rana kuwa goma na dare ce a can, kowa na gaban akwatinsa. Gidan talabijin da zai nuna gasar ya aiko da saƙo mai layi biyu, Dalal ta ɗauke wasan da hannunta ta mayar da shi ƙarfe ɗaya.

Abin da babu shi a kowace takarda a ofishin shi ne jinin Bello. Yana ɗauke da rabin sikila. Bai taɓa ciwo irin na masu cutar ba, ya tashi ƙato, mai gudu. Sau ɗaya ne kawai, shekara biyu da suka wuce, yana atisaye da tsakar rana, ƙafafunsa suka ƙage ya zube. Kwana shida ya yi a asibiti, ƙodarsa ta tsira da ƙyar. Likita ya ƙirga musu abu uku a yatsunsa: zafi, ƙarancin ruwa a jiki, da gudu har ƙarshen ƙarfi. Ya ce in ukun suka sake haɗuwa, ba lallai a iso da shi da rai ba. A unguwa aka ce zazzaɓi ne. Bana da Bello ya cike takardar lafiya ta gasar, ya rubuta babu komai. Takardun 'yan wasa ta teburin Dalal suke bi. Ta ga tasa, ta sa ta cikin sauran, domin a lokacin wasan na ƙarfe takwas ne.

Daga filin ta wuce ofis a unguwar Bagdadiyya, ta sami manajan gasar yana zuba gahawa.

"Ustaz Meshari, wasan ƙarfe ɗayan nan. Ba wanda zai zo. Kujera dubu takwas za mu nuna wa duniya babu kowa a kai."

"Na riga ki, Ustaza." Ya miƙo mata finjali. "Mai ɗaukar nauyinmu yana da manyan sito a Khumra. Zai ba ma'aikatansa rabin yini. Bas ashirin, hula, tuta, ruwa da shinkafa. Ɓangaren da ke fuskantar kyamara kaɗai za mu cika. Sauran ukun ko aljanu ne suka zauna, ba mai ganinsu."

"Zafin fa?"

"Dakta Maha, likitar gasar, ta sa hannu. Akwai ƙanƙara, akwai tawul, akwai hutun shan ruwa. Samari ne lafiyayyu, ke kika tara takardunsu." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ko akwai abin da ban sani ba?"

Finjalin ya yi mata zafi a yatsu. Ta san yadda abin yake tafiya. Ba a ɗage wasa saboda mutum ɗaya, mutumin ake cirewa.

"Babu," ta ce.

"Halas, shi ke nan."

Bayan la'asar ta isa gidansu a unguwar Madain Fahd. Mahaifiyarsu, Hajiya A'i, tana zaune a tsakar falo tana tsince zoɓo a tire. Bello yana bakin ƙofar kicin da buroshi, yana goge takalman wasansa kamar wanda zai kai su ɗaurin aure.

"Ga mai jadawali," ya ce. "Yaya, na gode. An ce mutum miliyan biyu za su kalle mu."

"Na je filin yau. Talatin da takwas."

"Ke da kika yi karatu a ƙasar sanyi, dole rana ta ba ki tsoro. Mu nan aka haife mu."

"Ni ma nan aka haife ni."

"Amma kin tafi."

Ta zauna a kujera ba ta cire takalmi ba. "Ka ce cinyarka ta riƙe. Ka zauna wasa ɗaya. Na Lahadi ƙarfe takwas ne, ka buga shi."

"Na Lahadi wa zai gani? Tsofaffin unguwa, su Ammi Othman da abokansa." Ya ajiye buroshin. "Shekarata ashirin da shida, Yaya. Da safe ina ɗaga kwantena a tashar jirgi, da yamma ina gudu. Ƙungiyoyin waje wannan wasan za su kalla. Babu wani bayan shi."

"Likitan ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, ina wurin. Zan sha ruwa kamar raƙumi, wallahi. Minti bakwai, hutu, minti bakwai. Ko shayi bai gama hucewa ba."

"In na faɗa wa Dakta Maha fa?"

Hannun Hajiya A'i ya tsaya a cikin tire.

"In kika faɗa," in ji Bello a hankali, "ba Asabar kaɗai za su hana ni ba. Ƙarya na rubuta na sa hannu. Halas, an gama da ni ke nan, a nan da ko'ina."

"Ba za ta faɗa ba," in ji Hajiya A'i, ba ta ɗago kai ba. "A unguwar nan in aka ce jini, ba Bello kaɗai aka ce ba. An ce ke, an ce ƙanwarku Lama da ake zuwa neman aurenta. Mutane ba su san rabi ba, ba su san cikakke ba. Gidan kawai suke nunawa."

"Ummi, kin manta yadda ya kwanta a gadon asibitin nan?"

"Ban manta ba. Ni na kwana a ƙasa kwana shida, ke kina waya daga can." Ta ture tiren gefe. "Addu'a za mu yi. Cire takalminki, kin tako mini waje."

Kwana uku Dalal tana juya jadawalin. Ta gwada sauya wasan da na wata ƙungiya, gidan talabijin ya ƙi. Ta nemi a mayar da shi sha ɗayan safe, aka ce lokacin ana labarai a can. Ta duba hasashen yanayi sau ba adadi, ko Allah zai kawo gajimare. Abinci ya daina wuce mata. In wayarta ta yi ƙara sai ta yi wuf ta duba, alhali Asabar ba ta ma zo ba.

Ranar Asabar motocin Khumra suka iso da sha biyu. Ta tagar ɗakin sarrafa hotuna da ke saman filin Dalal ta ga ma'aikata suna sauka, ana miƙa wa kowa hula da tuta, ana nuna musu inda za su zauna a rana. Yawancinsu ba su taɓa ganin ƙwallo mai siffar ƙwai ba. Wani mutum da lasifika yana koya musu lokacin da za su yi ihu. A allon talabijin filin ya cika maƙil.

Ɗakin yana da sanyi har tana jin sa a haƙora. Allo goma sha biyu ne a bango, kowanne da kyamararsa. A gabanta akwai rediyon hannu, layi na uku na Dakta Maha ne, wadda ke zaune a gefen fili da jakarta. Dalal ta ɗora babban yatsanta a kan maɓallin.

Aka busa usur.

Mutanen tsibiran manya ne, kuma ba su da gaggawa. Cikin minti uku suka ci sau biyu. Sannan ƙwallo ta faɗo hannun Bello a gefen layi, ya kauce wa ɗaya, ya bar na biyu yana rungumar iska, ya kai ta bayan layi ya ci. Mutanen Khumra suka tashi tsaye ba tare da an ce su tashi ba. Wani Bature da ke zaɓar hotuna a ɗakin ya buga tebur ya ce a riƙe masa mai lamba sha ɗayan nan, kada kyamara ta rabu da shi.

Da aka dawo daga hutu ta ga abin. Ba a babban allo ba, a ƙaramin na ƙasa da ba wanda yake kallo. Wasa yana can ɗaya gefen, Bello yana tsaye shi kaɗai, yana dukan cinyarsa ta hagu da dunƙulen hannu. Ya taka, ƙafar ta biyo shi a makare. Ya sunkuya ya dafa gwiwoyi, bakinsa a buɗe.

Saura minti huɗu.

Ta danna maɓallin har rabi. Ta ce a ranta in ya sake dukan cinyar za ta yi magana. Ya sake. Ta ce in ya durƙusa. Bai durƙusa ba, ya miƙe ya koma layi. Saura uku. Saura biyu. Yatsanta yana nan a kan rediyon.

Ana saura minti ɗaya aka jefo masa ƙwallo daga tsakiyar fili. Ya ruga. Mutum biyu suka bi shi, suna cim masa, domin gudun ba irin na farko ba ne, kafaɗarsa ta karkata gefe. Ya kai layi ya faɗi a kan ƙwallon, kamar yadda kowa yake faɗi in ya ci. Filin ya ɗauki ihu. A ɗakin ana tafawa.

Bai tashi ba.

Dalal ta ƙirga. Biyar. Fuskarsa tana cikin ciyawa. Tara. Abokan wasansa suna tsalle a kansa suna dukan bayansa, sun ɗauka murna yake yi. Sha huɗu. A sha tara ya dafa ƙasa, ya ɗago gwiwa ɗaya, wani ya ja shi ya miƙe. Ya ɗaga hannu ga mutanen Khumra.

Aka tashi ashirin da ɗaya da sha huɗu, Jidda ta sha kashi, amma ba wanda ya damu. Dalal ta ajiye rediyon. Ta ce alhamdulillahi sau uku ba sauti.

Meshari ya shigo da waya a kunne, fuskarsa kamar ranar idi. Ya kashe wayar ya tsaya a kanta.

"Mabruk, Ustaza. Ashe gidanku akwai doki kika yi shiru. Gidan talabijin ne. Sun ce ba su taɓa samun masu kallo haka ba. Wasan Jidda na gobe da 'yan Ostireliya, a ɗauke shi daga takwas a kawo shi ɗaya. Can ma lokacin kallo ne. Na yi wa Khumra waya, motoci za su dawo. Yalla, maza gyara jadawalin kafin uku."

"Gobe an ce arba'in," ta ce.

"Sai a ƙara ƙanƙara."

Ta tashi ta fita. Ta sauka bene hawa uku tana riƙe da ƙarfen gefe. A dogon barandan da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo ta sami Bello a kan benci shi kaɗai, sauran sun shiga wanka. Ya ɗora jakar ƙanƙara a cinya. Leɓɓansa sun yi toka-toka, yana murmushi.

"Yaya, kin gani?"

"Na gani."

"An ce gobe ma ƙarfe ɗaya. Saboda ni, wallahi. Koci ne ya faɗa."

"Tashi ka taka zuwa ƙofar can ka dawo."

Ya yi dariya. "Yanzu na gama gudun mita sittin a gaban duniya."

"Tashi."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar. Ba ta fi taku goma ba. Ya gyara jakar ƙanƙarar a cinyarsa, ya ce, "Bari in ɗan huta tukuna."

Ɗakin likita yana ƙarshen barandan. Dalal ta nufi can. Takalminta yana ƙara a kan siminti, daga sama ana jin lasifika tana kiran ƙungiyoyin wasa na gaba.

"Yaya. Don Allah."

Ba ta juya ba.

"Dalal."

Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kiran sunanta ba. Ta tsaya daƙiƙa ɗaya, sannan ta ƙwanƙwasa.

Dakta Maha ta buɗe tana goge hannu da tawul. "Ustaza Dalal. Lafiya?"

"Cikin takardun da na ba ki akwai ɗaya da ba daidai take ba," in ji Dalal. "Ki taho da jakarki. Yana nan waje."