Hannun Jari Ɗaya, Mutum Uku

Shekara biyu ke nan da su ukun suka haɗa kuɗi suka sayi hannun jari ɗaya tal na wani kamfanin intanet, don tsadarsa ta fi ƙarfin mutum guda. A kantin magani ɗaya suke aiki: Anti mai karɓar kuɗi, Dogo direba, sai mai haɗa magani da ake kira Likita don a faranta masa. Hannun jarin yana cikin wayar Dogo.

Tun da injin wankinta ya mutu Anti take so a sayar ta sayi sabo. Yara huɗu, wankin hannu, baya ya fara ƙara. Su kuwa kullum amsarsu ɗaya: abu guda ba ya yankuwa, ta yi haƙuri.

Ran Litinin Dogo ya faɗo ɗakin ajiyar kaya yana ɗaga waya.

"Ya haihu! Kamfanin ya raba kowane ɗaya gida uku!"

Anti ta karɓa ta duba. Uku ne kam, amma farashin kowanne ya koma kashi ɗaya cikin uku.

"To me ya ƙaru?"

"Yau dai ba komai," in ji Likita, yana gyara tabarau. "Amma ya yi araha, kowa zai ruga ya saya. Kafin ƙarshen shekara sai ya ninka."

"Madalla. Dogo, sayar da nawa ka ba ni kuɗina."

"Haba Anti! Yanzu da abu zai tashi?"

Maganar ta ɗan shige ta. In ya ninka fa? Su yi ta mata dariya har ta yi ritaya. Ta sunkuya za ta ɗauki kwalin auduga, ƙugunta ya amsa.

"Kun tabbata zai ninka?"

"Ko shakka babu," suka haɗa baki.

"To ku saya a hannuna. Farashin yau, ku ɗora kashi goma cikin ɗari. Sauran ribar na bar muku."

Likita ya ɗauki kwalbar maganin tari ya hau karanta bayanta. Dogo ya tuna kuɗin makarantar 'yarsa ya gabato.

"Wato ita kasuwa," in ji Likita a hankali, "ba a yi mata rantsuwa."

"Na ji. Danna, Dogo."

Ya yi tsaki, ya danna.

"Za ki yi da-na-sani, Anti."

"Ƙila. Ran Alhamis ka zo da mota, akwai kaya mai nauyi, kuma a hawa na uku nake."