Jarfar Baffa Dorobe

Kwana uku ke nan da Nerema ta gama bugun ɓawon itacen da ake mayarwa ƙyalle, ƙyallen ya yi laushi ya bushe, amma ko ɗigon baƙi ba ta sa masa ba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa tukunyar gwaza, ta dawo. Rinin ma har ya fara daskarewa a ƙoƙo.

Zanen danginsu take so ta fitar, wanda kakarta ke yi wa ƙyalle. Tsohuwar ta rasu ba ta koya wa kowa ba. Wuri ɗaya zanen ya rage a duniya: jarfar da aka yi wa ƙanin mahaifinta, Dorobe, a kewayen cibiya tun yana saurayi. Shi kuwa ba mai rai da ya taɓa ganinsa ba riga. Ga shi gobe za a sauka da shi asibitin garin Popondetta, kuma kowa ya san da wuya ya sake hawo dutsen nan da ƙauyensu yake kai.

Ta same shi kwance a rumfa.

"Baffa, ɗaga rigar nan."

"Ke, ba ki da kunya? 'Yan mishan sun hana."

"'Yan mishan ɗin da suka mutu tun ban yi haƙori ba? Baffa, in ka tafi da zanen nan, me zan koya wa 'ya'yana?"

Ya daɗe yana kallon rufin ciyawa. Can ya ja rigar sama da kansa.

Fatar ta yamutse, sai da ta sa yatsu ta miƙe ta. Layuka suka fito, lanƙwasa bayan lanƙwasa, suka zagayo hagu da cibiya. Daga nan suka tsaya cak. Ɓangaren dama babu komai.

"Ina sauran?"

"Gudu na yi," in ji shi. "Zafi ya ishe ni, na tsere daji. Ba mishan ba ne, 'yata. Shekara sittin ina ɓoyon wannan."

Haushi ya taso mata, tausayi ya danne shi. Ta ɗauko ƙyallen da rini da tsinken zane, ta durƙusa gefensa tana kwafa layi bayan layi. Da ta kai inda jarfar ta tsaya, hannunta ya ƙi tsayawa.

Ya riƙe mata wuyan hannu.

"Kar ki ƙirƙiro. Bar shi fari. In yara sun tambaya, ki ce nan ne Dorobe ya gudu."