Dajin Maijidda

Ranar Talata, tara ga watan Agusta, na ga gara a ƙarƙashin dajin matata, na yi shiru.

Ɗan ƙaramin kurmi ne da Maijidda ta kusan shekara tana ginawa a kan allo mai faɗin ƙyauren ɗaki, a gidanmu na Haɗejiya. Ɗanmu Muttaka take gina wa. Injiniya ne a Abuja. Shi da abokansa, manya masu gemu, sukan taru ran Asabar su jera sojojin roba masu tsawon ɗan yatsa a kan tebur, su jefa ƙwayar ludo, su auna da tef, su ce an kashe wane. Yaƙin nasu yana buƙatar fili: itatuwa, tuddai, rafi, rusassun gidaje. Ya turo wa uwarsa hotuna a waya don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce za ta iya yin wanda ya fi wannan.

"Hajja, in kin gama, ni da kaina zan zo in ɗauka," in ji shi.

Shekara huɗu ke nan bai taka gidan ba. Ni ne dalili. Na taɓa gaya masa a gaban matarsa cewa digiri biyu ba sa hana mutum zama jaki. Har yau ina ganin maganar daidai ce, wurin faɗinta ne bai dace ba.

To, dajin nan shi ne igiyar da take jawo ɗanta gida da ita. Na san haka sarai.

Ta kwaɓa laka daga bakin kogi ta yi tuddai a kan ɓargon karan dawa. Ta tsaga kabar goruba siri-siri ta yi ganyaye. Ta marmashe tsohon soson katifa ta rina shi kore, ta manna da ƙaro a kan saiwoyin da masunta ke tsinto mata daga fadama. Bukkoki na tsinken ashana ne, rufinsu na kacalla, ciyawar nan da ta toshe wa manoma hanyoyin ruwa. Burushinta gashin jelar akuya ne da ta ɗaure a tsinke. Ita kaɗai ta gano cewa in ta goge fenti a tsumma har burushin ya kusan bushewa, sannan ta shafa a bakin dutse, sai dutsen ya fito kamar rana ta taɓa shi. Matar da ba ta wuce aji shida ba ke nan.

Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina koyar da labarin ƙasa, kuma ni kaɗai ne a gidan na taɓa ganin kurmi da idona, lokacin bautar ƙasa a kudu, kusa da iyakar Kamaru.

"Malam, ƙarƙashin itatuwan nan, wane launi ne?" ta tambaye ni wata safiya.

Na miƙa mata littafi, na Turanci, marar hoto.

"Malam ke nan. Na tambayi ruwa, an nuna mini rijiya."

"Abin da kike yi ai gonar shinkafar Kirikasamma ce da aka dasa wa tsintsiya," na ce.

Ta yi dariya, ta koma kan aikinta. Dariyar tata ta fi zagi ciwo, don babu fushi a ciki.

Teburin da allon ke kai abokina Ya'u kafinta ne ya yi shi da maɗaci, itacen da gara ba ta so. Allon saman kuwa farin katako ne mai laushi. Ranar da ya kawo, na ce a sa ƙafafun cikin gwangwanaye da baƙin mai, a kuma janye teburin daga jikin bangon ƙasa kafin damina. Na faɗi sunan garar da Latin ma.

"Ya'u, ka ji abokinka," in ji Maijidda. "Littafi dubu ya karanta, ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa ba."

"Hajiya, ya taɓa bugawa mana. Babban yatsansa ya samu."

Suka yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ma na yi murmushi, don na iya murmushi. Aka bar teburin a jikin bango saboda nan hasken taga ke sauka.

Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika, bango ya sha danshi. A waccan Talatar alƙalamina ya faɗi, na sunkuya ɗauka, sai na ga 'yar hanyar jar ƙasa ta fito daga bango ta shige cikin allon. Cokali biyu na kalanzir sun isa su kashe garar a ranar. Na miƙe na tafi masallaci.

Na gaya wa kaina gobe zan faɗa, in ta tambaye ni. Ba ta tambaya ba. Duk ranar kasuwa in ta fita, sai in shiga da allura in soki ƙarƙashin allon, in ji inda ya zama fanko. Tsohon malami ba ya ganin abu bai rubuta ba. A cikin gefen maɗacin na riƙa sa kwanan wata da fensir, da inda garar ta kai: tudu na farko, bakin rafi, ƙauye. Gara tana da ladabi. Takan cinye ciki ta bar fata, don kada mai gida ya damu kafin lokaci.

A sama kuma dajin sai ƙara kyau yake. A ƙarshen Satumba ta tsiyaya ruwan baƙin tukunya da ɗan shuni a gindin itatuwa, ya gangara cikin lunguna ya bushe. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe. Ta ɗago ta dube ni tana jira. Na ce shayina ya huce.

Muttaka ya iso ran wata Asabar bayan azahar. Ya durƙusa ya gaishe ni da nisa, kamar mai gaida kare marar tabbas. Uwarsa ba ta kama sunansa, ɗan fari ne.

"Kai yaron nan, ka rame. Matar taka ba ta ba ka abinci ne? Zo ka gani tukuna, tuwo ba zai gudu ba."

Ta yaye zanen da ta rufe dajin da shi. Ya zagaya gefe, ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da bukkokin.

"Hajja, ke kika yi wannan? Har da kwalekwale? Wallahi abokaina su Zaharaddeen sai sun haukace!"

Ya zaro soja ɗaya daga aljihu, ya ɗora a kan babban tudun, ya danna kaɗan don ya tsaya. Yatsansa ya nutse har gaɓa ta biyu. Ya kama gefen allon don ya duba, allon ya rabe gida uku. Ba a ji wata ƙara mai yawa ba. Itatuwa suka kwanta, ƙauyen ya zube cikin rami, farar gara ta yi ta zuba a kan tabarma kamar an tsiyaye shinkafa.

Ya duba agogo, sannan ya dafa kafaɗarta.

"Ba komai, Hajja, kada ki damu. Ai akwai na roba, ana sayarwa."

Ni kuma na ce, "Ai na faɗa."

Wata biyu ina tanadin kalmomin nan uku. Ba su yi daɗin da na zata ba.

Maijidda ta ɗauko tsintsiya ta durƙusa a ƙarƙashin teburin. Na ga lokacin da tsintsiyar ta tsaya. Kanta yana daidai gefen maɗacin, leɓenta yana motsi, tana haɗa baƙi a hankali kamar yadda take karatu. Muttaka ya sunkuyo zai taya ta. Ta jawo zanen ta rufe teburin har ƙasa.

"Je ka ci tuwonka, zan share."

Da ya fita, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Rubutunka yana nan da kyau, Malam," ta ce.

Washegari da safe ya koma, ya ce aiki. Bai sake zuwa ba sai ranar jana'izarta, wata huɗu bayan nan. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ba ni da littafin da zai ƙaryata shi. A watannin nan ba ta fasa kawo mini shayi ba, ba ta fasa gaishe ni ba. Tambaya ce kawai ba ta sake yi mini ba, ko ta ƙarfe nawa.

Tun kafin rasuwarta ta goge rubutun da tsumma sannan ta mayar wa Ya'u teburinsa. Muttaka bai sani ba har yau. Yanzu duk Juma'a yakan kira ni, don tausayin tsohon da ya rasa mata, ni kuma ina amsawa.

Na shekara ɗaya cur a cikin kurmin gaske, na san yadda ƙasansa yake: kore ne da ya kusan zama baƙi, da ɗan shuɗi a inda ruwa ke kwanciya. Ranar da kika tsiyaya baƙin tukunyar nan, Maijidda, launin ke nan. Kin same shi daidai.