Saƙon Mai Agogo ga Auta

"Injiniya, akwatin nan naka yana ƙyafta ido," in ji Mai Agogo, yana nuna rikodar da haɓa. "Ko shi ma ya gaji da surutuna?"

Katin ajiyar sautin ne ya kusa cika. Kwana tara ke nan ina shiga ɗakin maƙwabcin nawa da hantsi, in ɗora rikoda a kujerar gefen gadonsa, shi kuma ya yi ta zuba tarihinsa saboda jikoki. Ciwon huhu ya cinye shi, baki kawai ya bar masa. Shekara ashirin da shida na yi ina haɗa sauti a gidan rediyo, shi ya sa yake ce mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa hana shi ba.

Akwai wani katin a gidana, taku talatin tsakani. Ƙiwa ce ta hana ni tashi. Na shiga saiti na matse sautin zuwa mafi ƙanƙanta, irin wanda muke turo rahoto da shi idan layi ba kyau. Magana ai ba kiɗa ba ce, haka muke cewa a wurin aiki, kunne zai cike sauran. Ga kuma agogunan bango goma sha ɗaya da aka kawo masa gyara, masu su ba su dawo karɓa ba, suna ta ƙas-ƙas, sun ishe ni tun ranar farko. Sai na kunna matatar da ke zubar da duk ƙaramin sautin da bai kai ƙarfin murya ba. Na ce "ɗaya, biyu", na saurara, ya fito tas. Da muryata na gwada, ni mai ƙoshin lafiya.

"Yau na Auta ne," ya ce. "Ku ba ni wuri."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Shekara shida ba ta taka gidan ba, tun ranar da ta ajiye karatun likita, shi kuma ya gaya mata magana a gaban baƙi, irin wadda ba ta komawa ciki.

Ni da matarsa muka zauna a baranda. Tana ta murza bakin zanenta.

"Yana magana kuwa? Ni ba na jin komai."

"Yana yi. A hankali yake yi."

Da muka koma ya jiƙe da gumi sharkaf. Sai da na kai kunne bakinsa na ji shi.

"Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka."

"To, na sauke."

Ban saurara ba, don amana ce. Bayan kwana biyu Mai Agogo ya cika, da la'asar, matarsa na matse tawul za ta goge masa goshi. Auta tana hanya.

Rana ta huɗu da rasuwar, Auta ta yi sallama a ƙofata, ido a kumbure.

"Baba Injiniya, Mama ta ce ina da saƙo a wurinka."

Na sa katin a kwamfuta. Minti arba'in da ɗaya. "Auta," muryar ta ce, siririya kamar daga cikin gwangwani. "Ni ne." Daga nan shiru. Can sai tari. Can kuma "ranar nan", sai wani gurgur kamar ruwa a maƙogwaron tulu, sai shiru. Na dubi allon, layin sautin ya miƙe sambal. Muryarsa ta yi ƙasa har ta kai ta agogo, matatar ta kwashe su tare.

Awa uku ina fama, tana zaune a bayana. Babu dabarar da ban yi ba. Abin da na'ura ba ta ɗauka ba, ba wanda zai tono shi.

"Me ya ce, Baba?"

"Ban sani ba, 'yata."

"Ya yafe mini ne, ko faɗan ya ƙarasa?"

Na so in yi mata ƙarya, Allah ya sani. Amma na riga na cuce ta sau ɗaya. Na gaya mata komai, har katin da ke cikin aljihun teburin da take jingine da shi. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na jira zagi, da ma ta yi, da na ji sauƙi.

"Minti arba'in da ɗaya," ta ce. "Tunda nake, bai taɓa yi mini maganar minti biyar ba." Ta miƙo wayarta. "Sa mini. Yadda yake, kar ka yanke komai."

Na tura mata. Ba ta shiga gidansu ba. Ta zauna a dakalin da ke tsakanin ƙofofinmu, ta kara wayar a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa. Babura na wucewa, ba ta ɗago ba. Na leƙa sau biyu. Inuwa ta bar dakalin, rana ta hau ƙafafunta, tana nan yadda take.